Fosfet da Ƙarfe: Riƙon da Ya Shafi Gonarmu da Jininmu

A jikin buhun takin kamfa akwai lambobi uku a jere, 15-15-15 ko 20-10-10. Lambar tsakiyar ita ce ta fosfet, sinadarin da ke sa saiwa ta kama ƙasa da wuri, ya kuma taimaka wa zangarniya ta cika. Manomi yana biyan kuɗinsa cif, amma ba kasafai ake gaya masa cewa a damina ta farko shuka ba ta cin abin da ya wuce kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari na fosfet ɗin da ya zuba ba. Sauran kuwa rana ba ta ƙone shi ba, kuma mafi yawansa ruwa bai tafi da shi ba. Yana nan cikin gonar. Ƙasa ce ta riƙe shi, kuma a jar ƙasa babban mai riƙon shi ne ƙarfe.

A ɗakin awo kuma, ana ce wa mai juna biyu jininta ya yi ƙasa, alhali kullum tana cin tuwon gero ko na dawa, hatsin da ke ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ayon. Nan lamarin juyawa ya yi: wani nau'in fosfet da ke cikin ƙwayar hatsin ne ya riƙe ƙarfen, ya hana hanji ya sha shi.

Matsalar manomin da ta mai cikin tushensu ɗaya. Fosfet da ƙarfe idan suka haɗu ba sa rabuwa da sauƙi. Akwai reshen ilimin kimiyya da ke nazarin irin wannan riƙo, kuma ina ganin bai kamata a bar shi a ɗakin gwaje-gwajen jami'a kaɗai ba, tunda da shi ne za a gane lokacin da ya dace a sa taki da kuma yadda ya dace a dama kunun yaro.

Yadda riƙon yake

Fosfet ƙunshi ne na ƙwayoyin zarra biyar: fosfaras ɗaya a tsakiya, oksijin huɗu kewaye da shi. Kowane oksijin cikin huɗun yana da rarar ilektaron da zai iya miƙa wa wani. Ƙarfe kuwa, da danginsa irin su tagulla, kobal, manganis da nikel, waɗanda masana ke kira ƙarafan tsakiya saboda wurin da suke a jadawalin sinadarai, suna da guraben da ke neman a cika su da ilektaron. Tutiya, wato zinki, tana gefen wannan rukuni kuma ana yawan lissafa ta tare da su. Duk abin da ya miƙa ilektaron ɗinsa ya maƙale a gurbin ƙarfe, shi za mu kira mariƙi.

Wanda ya fara bayyana wannan tsari shi ne Alfred Werner, malamin kimiyya a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, a 1893, yana ɗan shekara 26. Ya yi nazarin gishirin kobal masu launi daban-daban, har ya gane cewa ƙwayar ƙarfe tana zama a tsakiya ne, mariƙa su kewaye ta a adadi ƙayyadadde da tsari ƙayyadadde. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1913.

Ƙwayar ƙarfe mai caji uku, irin wadda ke cikin tsatsa da jar ƙasa, guraben da take da su yawanci shida ne. A ɗauke ta kamar motar haya mai kujeru shida. Idan tana cikin ruwa, ƙwayoyin ruwa ne ke zaune a kujerun, amma fasinjoji ne marasa nauyi, suna hawa suna sauka. Fosfet idan ya zo, sai ya sauke su ya zauna, kuma shi ba ya sauka a tasha ta gaba.

Dalilin ƙarfin riƙonsa biyu ne. Ƙarfe mai caji uku ƙarami ne, cajinsa mai yawa, saboda haka ya fi son oksijin mai ɗauke da kishiyar caji, wanda shi ne abin da fosfet ke bayarwa. Sannan fosfet ba da wuri ɗaya yake kamawa ba. Yana iya kama ƙwayar ƙarfe ɗaya da oksijin ɗaya, yana iya ɗora oksijin biyu a kan ƙwayoyin ƙarfe biyu da ke maƙwabtaka ya zama gada a tsakaninsu, yana iya kama uku ko huɗu. Kowace ƙwayar ƙarfe ita ma tana kama wasu fosfet ɗin. A haka sai saƙa ta miƙe ta kowane ɓangare har ta zama daskararren abu da ruwa ba ya narkarwa. Abin da bai narke ba kuwa, saiwa ba ta shansa, hanji ma ba ya shansa.

Akwai abubuwa uku da ke sassauta riƙon, kuma da yawa daga cikin shawarwarin da za su biyo baya a kansu suka dogara. Na farko wani mariƙin da zai yi takara da fosfet a kan guraben. Sai sauya cajin ƙarfen daga uku zuwa biyu, domin ƙarfe mai caji biyu riƙonsa ya fi sako-sako. Sai kuma sauya tsamin wurin.

Inda ake neman riƙon da gangan

Kafin mu shiga gona, yana da kyau a san cewa masana'antu kuɗi suke kashewa don samun wannan riƙo. A 1906 wani Bature a Ingila mai suna Thomas Coslett ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin ruwan asid na fosfaras don hana shi tsatsa. Fosfet ɗin yana kama fuskar ƙarfen ya yi masa siririn rufi. Har yau kamfanonin mota suna yi wa gangar jikin mota rufin fosfet na tutiya kafin fenti, kuma ruwan da masu walda da masu fentin ƙofa ke shafawa tsatsa ta koma baƙi, yawancinsa asid ɗin nan ne.

Batirin sola da ke cika kasuwanninmu yanzu, wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, litiyam ne da ƙarfe da fosfet. John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka ne suka bayyana amfaninsa a 1997, kuma yana cikin mutum uku da suka karɓi kyautar Nobel a 2019 saboda batirin litiyam, yana da shekara 97. Kowane ɗan tantani na batirin yana ba da bolt 3.2, shi ya sa ake ganin 12.8 a jikin mai tantani huɗu, 51.2 a jikin mai goma sha shida. Abin da ya ba shi fifiko a ƙasa mai zafi shi ne, oksijin ɗin da ke cikinsa a ɗaure yake tsakanin fosfaras da ƙarfe, ba ya kuɓucewa da sauƙi idan batiri ya ɗauki zafi, ba kamar na kobal da ke cikin wayoyin hannu ba. Wannan ya rage haɗarin gobara, ko da yake bai kawar da shi ba, don haka wayoyin lantarki marasa inganci da cajin ganganci har yanzu abin gudu ne.

A gona

Jan launin jangargari da marmara daga ƙarfe yake. Ma'adinai ne da ake kira hematit, mai ja, da gotit, mai ruwan ƙasa-ƙasa, dukkansu dangin tsatsa. Suna lulluɓe ƙwayoyin yumɓu, kuma fuskarsu cike take da guraben da ruwa ke zaune a kai. Da ƙwayar taki ta narke, fosfet ya fito, cikin sa'o'i kaɗan ya fara maƙalewa a waɗannan gurabe. Da farko riƙon na wuri ɗaya ne, saiwa tana iya ƙwato shi. Da makonni da watanni suka shuɗe sai ya koma gada a kan ƙarfe biyu, daga baya ma wani sabon rufin tsatsa ya binne shi. Alminiyam, duk da ba ya cikin ƙarafan tsakiya, irin wannan aikin yake yi a ƙasa mai tsami. A ƙasa mai kanwa-kanwa kuma kalsiyam ne ke riƙewa. Fosfet ya fi sakewa a tsaka-tsaki, inda ma'aunin tsami yake tsakanin 6 da 7.

Ba duk ƙasarmu ce ɗaya ba, kuma a nan ne shawarar da ake bayarwa a dunƙule take cutarwa. Jar ƙasa mai yumɓu, musamman a wuraren da ruwan sama ke da yawa, tana riƙe fosfet sosai. Jigawa mai rairayi, irin ta Damagaram ko arewacin Katsina, ba ta da wannan ƙarfin riƙon, matsalarta ita ce fosfet ɗin ne babu tun asali. Shi ya sa ɗan kaɗan yake nuna aiki a cikinta. Fadama kuma labarinta daban: idan ruwa ya kwanta a gonar shinkafa iska ta yanke, ƙananan halittun ƙasa sukan mayar da ƙarfe mai caji uku ya koma mai caji biyu, riƙon ya saki, fosfet ya fito. Idan ƙasar ta bushe sai ya sake kamuwa.

Abu na farko da wannan ilimi ke koya wa manomi shi ne lokaci. Fosfet ba ya tafiya cikin ƙasa kamar yuriya. Daga inda ƙwayar taki ta faɗi, da wuya ya matsa fiye da 'yan santimita kaɗan a damina guda. Shuka kuwa ta fi buƙatarsa a makonnin farko, lokacin da take gina saiwa. Masarar da ganyenta na ƙasa ya yi shunayya-shunayya tana ƙarama, sau da yawa yunwar fosfet take nunawa. Saboda haka sufa da kamfa da DAP takin shuka ne, ko na kwanakin farko bayan tsiro. Wanda ya watsa su a saman ƙasa bayan maimai ya ciyar da ƙasar ne fiye da amfanin gonar. Wannan ne ya sa nake ganin takin tallafi da ya iso hannun manomi a watan Agusta ya riga ya yi asarar babban ɓangare na amfaninsa na wannan shekarar, ko da an rage masa kuɗi. Duk mai tsara rabon taki ya kamata ya san haka.

Na biyu shi ne wuri. Idan aka watsa taki a faɗin gona, kowace ƙwaya tana haɗuwa da ƙasa mai yawa, guraben ƙarfe su shanye ta. Idan aka tara shi wuri ɗaya kusa da ramin shuka, sai ya cika guraben da ke wurin, ragowar ta zauna a narke inda saiwa za ta iske ta. A kan wannan hikima cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta gina tsarin sa taki ɗan kaɗan a rami: kimanin giram 6 na kamfa, wato cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, a kowane ramin gero. Sai dai a kula kada takin ya taɓa irin, musamman idan ƙasa ba ta jiƙu sosai ba, don yana ƙone tsiro. A ɗan raba su da ƙasa.

Na uku shi ne takin gida. Kashin dabbobi da ruɓaɓɓen kara, idan suna ruɓewa, suna fitar da asid irin na lemun tsami da makamantansa. Waɗannan su ma mariƙa ne masu kamawa da oksijin, suna zama a guraben ƙarfe su tare wa fosfet wuri, wani lokaci ma su ture wanda ya riga ya zauna. Don haka takin gida da na zamani ba kishiyoyi ba ne. Na gidan yana sa na zamanin ya yi auki. A Samaru ta Zariya akwai gonar gwaji da aka fara tun 1950 ana kwatanta kashin shanu da takin zamani shekara bayan shekara, kuma darasin da ake ta samu daga irin waɗannan gwaje-gwaje masu tsawo shi ne haɗa su ya fi ware su. Yuriya zalla shekara da shekaru tana ƙara wa ƙasa tsami, tsamin kuma yana ƙara wa ƙarfe da alminiyam ƙarfin riƙo. Manomin da ke ƙara buhun yuriya duk shekara yana mamakin raguwar amfani, wataƙila fosfet ne gonarsa ke kuka da shi.

Tsirrai ma ba zaune suke ba. Idan yunwar fosfet ta kama su, saiwoyinsu suna fitar da nasu mariƙan. A 1990 masu bincike a cibiyar ICRISAT ta Indiya suka nuna cewa wani wake mai girma kamar ƙaramin itace, wanda wasu ke kira waken Turawa, yana fitar da wani asid da ke kama ƙarfe ya saki fosfet, shi ya sa yake rayuwa a jar ƙasar da dawa ke wahala. Akwai kuma wasu siraran zaruruwan naman gwari da ke haɗa kai da saiwa su miƙa nesa su ɗebo mata fosfet.

Labari mai daɗi shi ne fosfet ɗin da ƙasa ta riƙe bai ɓace gaba ɗaya ba. Wani ɓangarensa yana fitowa a hankali a shekaru masu zuwa, shi ya sa gonar da ta saba samun sufa take bambanta da wadda ba ta taɓa gani ba. Amma yawan ma yana da illa: fosfet da ya wuce kima yana iya jawo wa masara ƙarancin tutiya.

Dole a yi tattalin wannan sinadari, domin ba a ƙera shi daga iska kamar yadda ake yin yuriya. Haƙo shi ake yi. Tun 1842, lokacin da John Bennet Lawes ya yi rajistar hanyar yin sufa a Ingila, ana narkar da ƙashi ko dutsen fosfet da asid ne a samu taki. Kusan kashi 70 cikin ɗari na dutsen da aka sani a duniya yana hannun Maroko, kuma a kan haka aka ƙulla yarjejeniyar taki tsakaninta da Najeriya a Disambar 2016. Muna da namu dutsen a yankin Sakkwato da kuma Tawa a Nijar. Idan aka niƙa shi aka zuba kai tsaye, ya fi aiki a ƙasa mai tsami, inda tsamin ke narkar da shi sannu a hankali.

A tukunya

Ƙwayar hatsi tana adana fosfaras ɗin da tsironta zai fara rayuwa da shi a cikin wani sinadari mai suna fitet. Zobe ne ɗan ƙarami wanda fosfet shida ke rataye a jikinsa. Idan fosfet guda yana da irin riƙon da muka gani, sai a auna shida a wuri ɗaya. Kimanin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na fosfaras ɗin da ke cikin hatsi da wake a wannan siffa yake. A gero da dawa yana taruwa a ɓangaren dusa da idon ƙwaya, a masara kuma mafi yawansa a idon yake.

Idan tuwo ya isa hanji, fitet yana kama ƙarfe da tutiya ya dunƙule da su, su wuce tare. Shanu da tumaki suna da ƙananan halittu a tumbinsu da ke warware shi. Cikin ɗan Adam ba shi da wannan ƙarfi sosai. A 1961 likita Ananda Prasad ya ba da rahoton wasu samari a Iran da suka tsumbure, girma ya tsaya, balaga ta yi jinkiri, ga ƙarancin jini, kuma abincinsu kusan duka gurasar alkama ce da ba a bari ta kumbura ba. Binciken da ya ci gaba da yi a Masar ne ya tabbatar cewa ƙarancin tutiya na faruwa ga mutane.

Mu ma abin ya shafe mu ƙwarai. Babban binciken lafiyar jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Ba fitet kaɗai ne sanadi ba. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, sikila da haihuwa kusa-kusa duk suna da hannu, kuma babu dabarar girki da za ta maye gurbin gidan sauro ko zuwa asibiti. Amma a gidan da hatsi ne abincin safe da rana da dare, nama sai jefi-jefi, rabon fitet a matsalar ba ƙarami ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne iyayenmu mata sun daɗe da riƙe maganin a hannu. Akwai wani sinadarin aiki mai suna fites da ke tsinke fosfet daga zoben nan ɗaya bayan ɗaya, kuma da zoben ya rasa biyu ko uku riƙonsa ya yi rauni sosai. Fites yana farkawa idan ƙwaya ta jiƙu ta fara tsiro, kuma ƙananan halittun da ke sa ƙullu tsami su ma suna taimakawa, domin ya fi aiki a wuri mai ɗan tsami. Gasara da kamun da aka bari suka kwana suka yi tsami, koko, daddawar da aka rufe ta nuna, duk sun bi ta wannan hanya. Sai dai a faɗi gaskiya: gero da dawa da masara ba su da fites mai yawa kamar alkama, saboda haka jiƙo na awa biyu ko uku ba ya yin wani abin kirki. Tsiro da tsami su ne suka fi aiki. Uwar da ke yaye za ta iya jiƙa geron, ta shanya shi a inuwa cikin tsumma mai tsabta da danshi har ya ɓullo da tsiro, ta busar da shi sosai a rana, sannan a niƙa. Idan ya yi fumfuna a zubar, kada a yi tattalinsa. Garin hatsin da ya tsira yana da wata fa'idar kuma: yana tsinka kunu mai kauri ba tare da ƙara ruwa ba, yaro ya sha abinci mai yawa a ɗan ƙaramin kofi.

Surfe yana rage fitet, amma yana tafiya da wani ɓangare na ƙarfen da tutiyar tare da dusa, don haka ba shi ne mafita ba. Fitet ɗin kansa ma ba guba ba ne. Ga wanda ke cin abinci iri-iri ba abin damuwa ba ne. Damuwar tana kan ƙananan yara, 'yan mata da masu juna biyu, waɗanda buƙatarsu ta ƙarfe ta fi ta kowa.

Hanya ta biyu ita ce kawo mariƙin da zai riga fitet kama ƙarfen. Bitamin C yana yin aiki biyu a lokaci guda: yana mayar da ƙarfe mai caji uku zuwa mai caji biyu, yana kuma riƙe shi a narke har hanji ya sha. Sharaɗin shi ne a ci su tare, a zama ɗaya. Matsa lemun tsami a kan wake da shinkafa ko ɗanwake, ɗanyen tumatir a kwaɗon zogale, gwaiba ko mangwaro bayan tuwo, garin ƙwallon kuka a kunu bayan an sauke shi ya huce. Dogon dahuwa da kanwa suna kashe wannan bitamin, saboda haka a ƙarshe ake sa shi. Nama da kifi kuwa, ko kaɗan ne, suna da daraja ta musamman. Wani ɓangare na ƙarfen da ke cikinsu a tsakiyar wani zobe yake zaune, irin wanda ke cikin jininmu, gurabensa a tsare, fitet ba ya samun wurin kamawa. Suna kuma taimaka wa ƙarfen hatsin da aka ci tare da su.

Masu ƙara sinadarai a abinci da wannan lissafi suke aiki. A garin hatsi mai fitet da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a sa ƙarfen da aka riga aka lulluɓe da wani mariƙi mai suna EDTA, wanda ke tsare shi daga fitet. A wasu dunƙulen ɗanɗano kuma ana sa ƙarfen da ke haɗe da wani nau'in fosfet, saboda ba ya ɓata launi ko ɗanɗanon miya. Riƙon da ya hana shi ɓata miyar shi ne kuma yake rage yawan wanda jiki ke sha, don haka kada uwa ta ɗauka dunƙule ya wadatar da yaronta. Ta ɓangaren iri ma ana ƙoƙari: a 2018 Nijar ta amince da geron Chakti, wanda aka zaɓo saboda yawan ƙarfensa.

Masu ciwon ƙoda nasu lamarin ya sha bamban, kuma ya kamata iyalansu su sani. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da rarar fosfet, sai ya taru a jini, ya raunana ƙashi, ya daskarar da jijiyoyin jini, ya kawo ƙaiƙayi. Cikin magungunan da likitoci ke bayarwa akwai waɗanda ƙarfe ne tushensu, kamar Velphoro da aka amince da shi a Amurka a 2013 da Auryxia a 2014. Aikinsu shi ne su kama fosfet ɗin abinci tun a hanji su fita da shi. Saboda haka tare da abinci ake shan su. Wanda ya sha bayan awa uku da cin tuwo, maganin ba zai iske abin kamawa ba. Irin waɗannan marasa lafiya su guji baƙin lemon kwalba, wanda ake sa wa asid na fosfaras, da naman gwangwani da ake ƙara wa fosfet, domin irin wannan fosfet jiki yana shanye kusan dukkansa.

Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mai juna biyu a wurin awo kuma akasin haka take so. Ba a so ta iske fitet, ko madara, ko shayi, wanda ganyensa ke da nasa mariƙan masu kama ƙarfe. Mata da yawa suna haɗiye ta da shayi da madara da safe, ko da fura da nono, sannan a koma awo a tarar jinin bai motsa ba. A sha ta da ruwa, ko da ruwan lemo, a bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakaninta da shayi ko nono. Idan tana tayar da zuciya a sha da ɗan abinci kaɗan ko da dare kafin barci, a kuma gaya wa ma'aikaciyar awo maimakon a daina. Baƙin bayan gida da take jawowa ba cuta ba ne. Kwalbar kuwa a ɗaga ta inda hannun yaro ba zai kai ba, domin ƙwayoyin da ke gyara jinin uwa, idan ƙaramin yaro ya haɗiye su da yawa, suna iya kashe shi.